Katangar da ke tsakanin gwaji da gaske

Da hantsin ranar 9 ga Nuwamban 1979, allunan cibiyar tsaron sararin samaniyar Amurka da Kanada, wato NORAD, wadda aka haƙa a cikin Dutsen Cheyenne da ke jihar Kolorado, suka nuna abin da duniya ta daɗe tana fargaba: makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyat sun taso rututu, sun nufo Amurka. Abin da aka gani a cikin dutsen shi aka gani a ma'aikatar tsaro ta Pentagon, shi kuma aka gani a hedikwatar rundunar jiragen nukiliya da ke jihar Nebraska. Nan da nan aka ta da jiragen yaƙi kimanin goma. Jirgin nan da aka tanada domin shugaban ƙasa ya ja ragamar yaƙi daga sama ranar da ƙasa ta gagari zama, shi ma ya tashi, ba tare da Shugaba Jimmy Carter a ciki ba. Sai da aka yi kamar minti shida kafin a tabbatar, daga ainihin bayanan taurarin ɗan'adam da na'urorin rada, cewa babu makami ko ɗaya a sama.

Faifan atisaye ne, mai ɗauke da harin ƙarya da aka tsara domin horo da gwaji, aka ɗora a kan wata kwamfuta da ke haɗe da tsarin gargaɗi na gaske. Bayanan wasa suka bi hanyar bayanan gaske, kuma ba su tarar da abin da zai tsayar da su ba. Labari ya fita, har shugaban Sobiyat Leonid Brezhnev ya aika wa Carter saƙon ƙorafi a asirce. Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganin da aka yi. Ba a tsaya ga jan kunnen ma'aikata ba. An kashe kimanin dala miliyan 16 aka kafa wata cibiya dabam a garin Colorado Springs, a wajen dutsen, inda za a riƙa gina manhaja da gwada ta ba tare da an taɓa injinan da ke gadi ba. Sojojin sun yarda ke nan cewa komai tsantseninsa, ɗan'adam zai sake yin kuskure, don haka gara a toshe wa kuskuren hanya da a tsaya roƙon kada a yi shi.

Yau wannan ƙa'ida tana cikin abubuwan farko da ake koya wa mai shiga harkar gina manhaja. Fage uku ne aƙalla. Akwai fagen gini, galibi kwamfutar mai rubuta manhajar ce, inda yake rubutu yana gogewa, ya fasa abu sau goma a wuni babu wanda ya ji. Akwai fagen gwaji, inda ake haɗa aikin mutane da yawa wuri guda a bi shi da ƙwaƙƙwafi: a ba shi lambar waya mai harafi a ciki, a tura masa kuɗi sau biyu a daƙiƙa ɗaya, a yanke masa intanet a tsakiyar ciniki a ga yadda zai yi. Sai fagen aiki, inda mutanen gaske da kuɗin gaske suke. Idan mai karatu ya danna lambar USSD ya tura wa mahaifiyarsa kuɗin cefane, ko ya duba sakamakon jarrabawar 'yarsa a waya, fagen aiki yake taɓawa. Manyan ma'aikatu kan ƙara na huɗu tsakanin gwaji da aiki, wani zaure da ake ginawa kwabo da kwabo irin fagen aiki, inda sabuwar manhaja ke yin gwajin ƙarshe kafin a sake ta ga jama'a.

Raba su kuma ba yana nufin sa musu suna dabam-dabam kawai ba. Kowane fage da nasa sabobin, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da aikin, da nasa rumbun bayanai, da nasa kalmomin sirri, da nasa layin sadarwa. Mabuɗin da ke buɗe fagen gwaji bai kamata ya buɗe komai a fagen aiki ba. Wanda ya rubuta gyara bai kamata ya zama shi kaɗai ne mai sa hannu a ɗora shi ba.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san ba a miƙa wa yaron shago shadda ranar da ya fara zuwa. A kan takardar buhun siminti yake koyon yanka da bin layi, in ya ɓata a yar a ɗauko wata. Sai dai a wurin tela, ido na rarrabe takarda da shadda tun daga bakin ƙofa. A kwamfuta kuwa kamarsu ɗaya sak, kuma da gangan aka yi su haka. A nan duk wahalar take. Gwajin da bai yi kama da gaske ba ɓata lokaci ne, domin abin da ya yi aiki a can zai iya watsewa a nan. Gwajin da ya yi kama da gaske sosai kuma yana ruɗa mai aiki da shi, har ya rasa a wane fage yake tsaye. Ana son abu biyu da ke jan juna: kamanni cikakke da rabuwa cikakkiya. Kusan duk wata masifa da aka sani a wannan fanni daga sakin ɗayansu ta taso.

Idan kamanni ya ruɗi mai aiki

A safiyar Asabar, 13 ga Janairun 2018, da ƙarfe 8:07, wayoyin mutanen tsibiran Hawai suka ɗauki ƙara lokaci guda da saƙon cewa makami mai linzami na tafe, kowa ya nemi mafaka, kuma wannan ba atisaye ba ne. A lokacin ana tsaka da cacar baki tsakanin Amurka da Koriya ta Arewa, saboda haka babu wanda ya ɗauki abin da wasa. Mutane suka yi ta kiran 'yan'uwansu suna ban-kwana. Minti 38 aka yi kafin saƙon gyara ya isa wayoyin.

Binciken hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ya nuna cewa atisayen ba-zata ne aka kira daidai lokacin canjin ma'aikata a hukumar agajin gaggawa ta jihar. Saƙon muryar da aka yi amfani da shi ya ce atisaye ne a farkonsa da ƙarshensa, amma a tsakiya akwai jimlar da ke cewa ba atisaye ba ne, kuma ma'aikacin da ke kan kwamfuta ya ce ita ya ji. A manhajar da ke gabansa, saƙon gwaji da saƙon gaske suna cikin jerin zaɓi guda, tambayar tabbatarwa da ke biyo bayansu iri ɗaya ce, ba a kuma buƙatar mutum na biyu ya amince. Hukumar agajin ba ta ma da shiryayyen saƙon janyewa, shi ya sa gyaran ya ja lokaci. Aka kori ma'aikacin, shugaban hukumar Vern Miyagi ya ajiye aiki. Gwamna David Ige kuwa ya amsa daga baya cewa abin da ya jinkirta shi wajen ƙaryata labarin a Twitter shi ne bai san kalmar sirrin shafinsa ba.

Korar ma'aikaci ita ce mafi sauƙi a irin wannan hali, kuma ita ce ta fi kwantar wa jama'a da hankali. Amma wanda ya tsara allon da ya jera wasa da gaske a layi ɗaya, ya riga ma'aikacin yin laifi da shekaru. Irin wannan ne a ƙaramin mataki ya faru a Fabrairun 2020, sa'ad da masu wayar Samsung a ƙasashe da dama suka wayi gari da saƙo mai ɗauke da lamba 1 sau biyu, kamfanin ya ce gwajin cikin gida ne ya kuɓuce. A Yunin 2021 ma masu biyan kuɗin kallon HBO Max suka samu imel ɗin gwaji da kusan babu komai a cikinsa, kamfanin ya ce aikin wani ɗan koyo ne, duniya ta yi dariya ta wuce. Ba a cika tambaya ba: me ya kai adireshin abokan ciniki na gaske cikin abin da hannun ɗan koyo zai iya kaiwa gare shi?

Labarin kamfanin GitLab ya fi waɗannan daɗin nazari, domin su da kansu suka baje shi a fili. A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu da ya daɗe yana fama da wata matsala ya yi niyyar share bayanan wata saba ta biyu don ya sake kwafe su daga babbar. Tagogi biyu ne buɗe a gabansa, baƙi da baƙi, rubutu iri ɗaya, sunayen sabobin kuma lamba ɗaya ce ta bambanta su. Ya ba da umarnin sharewa a kan babbar. Kafin ya farga ya tsayar, daga kusan gigabait 300 saura 4.5. Da aka juya ga ajiyar ko-ta-kwana, hanyoyi biyar da suke taƙama da su babu wadda ta yi abin da aka zata. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin nan domin zauren gwajin ƙarshe. Aikin sa'o'i shidan nan na abokan cinikinsu ya tafi ke nan. Cikin gyare-gyaren da suka lissafa bayan haka har da wanda ba ya cin ko sisi: a sa tagar fagen aiki ta fita dabam da sauran, ta yadda ko idon da barci ya cika zai gane inda yake.

Idan kamanni ya gaza

Ɗaya ɓangaren ya fi cin dukiya. A watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe asusun abokan cinikinsa sama da miliyan 5 daga tsohon tsarin bankin Lloyds zuwa wani sabo da reshen fasaha na uwar kamfaninsa, bankin Sabadell na Sifaniya, ya gina. An yi gwaji, ba a ce ba a yi ba. Amma da aka buɗe ranar Lahadi da yamma, mutane kimanin miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu yadda ya kamata, wasu suka shiga suka tarar da asusun wasu, 'yan damfara kuma suka samu kasuwa. An yi makonni ana fama. Rahoton da kamfanin lauyoyi na Slaughter and May ya fitar a 2019 ya gano cewa sabon tsarin yana zaune ne a cibiyoyin bayanai biyu da aka ce tagwaye ne, alhali saitinsu ya saɓa, kuma gwajin ɗaukar nauyi a ɗaya kawai aka yi shi. Kama da wane ba ta wane. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumban shekarar, asarar ta kai kusan fam miliyan 330, sannan a Disamban 2022 hukumomin kula da bankuna suka ci TSB tarar fam miliyan 48.65.

Wanda aka fi karantarwa a makarantu shi ne na Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka a zamaninsa. Kasuwar hannun jari ta New York za ta fara wani sabon shiri ranar 1 ga Agustan 2012, sai Knight ya rubuta sabuwar manhaja don shiga cikinsa. Tsarin da ke aika odarsa kasuwa yana kan sabobi takwas. Ma'aikacin da ya ɗora manhajar da hannu ya ɗora a bakwai, ya tsallake ɗaya, kuma babu mutum na biyu da ya bi bayansa ya duba. A cikin ta takwas ɗin akwai wani tsohon ɓangaren manhaja mai suna Power Peg, wanda aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire shi ba. A 2005 aka ɗauke abin da ke ƙirga masa cewa oda ta cika ya tsaya, aka kai shi wani wuri, ba a sake gwada shi ba tunda ana ganin ya mutu. Sabuwar manhajar kuma ta ari alamar da a da take kunna shi, ta ba ta sabuwar ma'ana. A sabobi bakwai alamar tana nufin sabon aiki. A ta takwas tana nufin a ta da matacce.

Tun kafin a buɗe kasuwa tsarin ya aika imel 97 ga ma'aikata yana ambaton Power Peg, ba wanda ya ɗauke su a matsayin ƙararrawa. Da aka buɗe, oda 212 kacal suka haifi ciniki sama da miliyan 4 a hannayen jarin kamfanoni 154, hannun jari sama da miliyan 397, cikin kimanin minti 45. Abin takaici, a ƙoƙarin kashe wutar sai injiniyoyi suka zaci sabuwar manhajar ce ke da laifi, suka cire ta daga sabobi bakwai masu lafiya, su ma suka kama ciwon ta takwas. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, ta ce asarar ta haura dala miliyan 460, ta kuma ƙara wa kamfanin tarar dala miliyan 12. Kafin shekara ta zagayo an haɗe shi da kamfanin Getco.

A lura, sabuwar manhajar ba ta da aibu a inda aka ɗora ta. Abin da ya yi aiki a ranar, sabo bakwai da tsoho ɗaya, haɗi ne da ba a taɓa gwada shi a ko'ina ba. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatu masu hankali suka daina ɗora manhaja da hannu. Akwai hanya guda tak daga fagen gwaji zuwa fagen aiki, injin ne ke bin ta, ainihin ƙunshin da aka gwada shi yake ɗauka ba tare da an sake taɓa shi ba, yana kai shi ko'ina ko ya fasa gaba ɗaya, kuma yana rubuta wanda ya nema da wanda ya amince. Mu ma nan gida mun ga ɗan'uwan wannan ciwo. A watan Mayun 2025 magatakardar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas ya gurɓata, saboda wani gyaran manhaja bai isa wasu sabobin da ke kula da yankunan ba. Sai da aka sake musu jarrabawa.

Abin da ke gangarowa daga sama

Yawanci idan ana maganar katangar nan, tunani na tafiya ga abin da zai tsallaka daga gwaji ya ɓata aiki. Akwai kuma abin da ke gangarowa ta ɗaya hanyar, wanda ba ya ƙara, shi ya sa ba a cika jin labarinsa ba sai ya ruɓe. Mai gina manhaja zai ce, “Matsalar nan ba ta fitowa a wurina, a ba ni kwafin rumbun bayanai in gani.” Magana ce mai ma'ana, kuma ana cikin sauri, sai a ba shi. Daga ranar sunayen abokan ciniki, da lambobin wayarsu, da BVN, da NIN, da tarihin cinikinsu, suna cikin wata kwamfutar tafi-da-gidanka da ke hawa adaidaita sahu kullum da yamma, ana kallon fim a kanta da dare. An kashe miliyoyi an kewaye fagen aiki da tsaro, ga kuma kwafinsa cikakke yana yawo a jaka.

Dokoki sun san da wannan. Ma'aunin tsaron bayanai na duniya, ISO 27001, a bugunsa na 2022, ya ware sashe na 8.31 ga raba fagagen gini da gwaji da aiki, da sashe na 8.33 ga kula da bayanan da ake gwaji da su. Ƙa'idar PCI DSS, wadda kamfanonin katin kuɗi irin su Visa da Mastercard suka ɗora wa duk mai sarrafa katunansu, ta hana amfani da lambar kati ta gaske a fagen gwaji sai in an tsare shi kamar fagen aiki, ta kuma wajabta a share asusun gwaji da bayanan gwaji kafin a saki manhaja. Saboda haka ne ake da lambobin kati na ƙarya da kowane mai sana'ar ya haddace, kamar 4242 sau huɗu ta kamfanin Stripe. Matashin da ke haɗa wa wani shago hanyar karɓar kuɗi ta Paystack a Kano ko Kaduna zai tarar an ba shi mabuɗi iri biyu, na gwaji yana farawa da sk_test, na gaske da sk_live. Da na farko zai iya yin cinikin biliyan ɗaya ba tare da kwabo ya motsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ita ma babu ruwanta da sunan da aka sa wa kwamfutar da bayanan suka zube daga cikinta. Ga manyan masu riƙe bayanai, tarar na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Mafita sananniya ce: a ƙirƙiri bayanan ƙarya masu siffar na gaske, ko a sauya sunaye da lambobi kafin kwafin ya bar fagen aiki. Aiki ne na 'yan kwanaki da ake ta ɗagawa har shekaru.

Masu kutse kuwa sun daɗe da gane cewa fagen gwaji shi ne ƙofar da ba a gadi. A ƙarshen Nuwamban 2023 wata ƙungiya da Microsoft ke kira Midnight Blizzard, wadda Amurka da Birtaniya suka danganta da hukumar leƙen asirin ƙetare ta Rasha, ta yi ta gwada kalmomin sirri na gama-gari har ta dace da wani tsohon asusun gwaji na kamfanin, wanda ba a sa masa tabbaci na biyu ba. Da a ce asusun gwajin a gwaji ya tsaya, da ɓarawo ya shiga kango. Amma akwai wata tsohuwar manhajar gwaji da aka taɓa ba izini mai faɗi a cikin ainihin tsarin kamfanin, aka manta ba a janye ba. Ta nan suka bi har suka riƙa karanta imel ɗin manyan shugabannin Microsoft da na ma'aikatan sashen tsaro da na shari'a. Sai ranar 12 ga Janairun 2024 aka gano su. Kamfanin da ke sayar wa duniya tsaro ke nan. Ba na faɗar haka don dariya. Idan irinsu za su manta da ƙofa ɗaya, to wanda bai taɓa ƙirga ƙofofinsa ba fa?

Uzurin da ake kawowa

Na farko shi ne kuɗi. Ƙaramin kamfani mai mutum uku zai ce hayar saba da dala ake biya, ga yadda naira take, ina shi ina riƙe tsari uku? Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Kamanni ne ke da tsada: gina zauren da ya kai fagen aiki girma da ƙarfi sai banki ko kamfanin waya. Rabuwa kuwa kusan kyauta ce. Buɗe asusu na biyu a wurin masu ba da hayar saba ba ya cin komai sai abin da aka kunna a ciki, kuma ana iya kashe injin gwaji da dare. Kalmar sirri dabam, jan launi a tagar fagen aiki, toshe fagen gwaji daga aika saƙon waya ko imel zuwa waje, dokar cewa sai abokin aiki ya duba kafin a ɗora: duk waɗannan ɗabi'a suke buƙata. A ganina, inda aka fi sakaci ma ba a wurin masu gina manhajar ba ne, a wurin masu ba da kwangilarta ne. Ma'aikata ko makaranta ko asibiti za su karɓi aiki da zarar sun ga allo yana haske, ba wanda zai tambayi ɗan kwangila inda zai riƙa gwada gyare-gyarensa nan gaba, ko da wane bayani, ko kuma wa ke riƙe da mabuɗin fagen aiki bayan an biya shi ya tafi. Inda ba a yi tambayar ba, amsar ita ce a kan bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai zai riƙa gwajin, da rana tsaka.

Uzuri na biyu ya fi ƙarfi, kuma ƙwararru ne ke kawo shi. Suna cewa babu fagen gwajin da zai iya kwaikwayon mutum miliyan goma da wayoyi iri dubu da intanet mai zuwa yana ɗaukewa, saboda haka ko an ƙi ko an so, gwajin gaskiya a fagen aiki yake faruwa. Haka ne. Kamfanin Netflix ma tun wajajen 2011 yake da wata manhaja, Chaos Monkey, wadda aikinta shi ne ta riƙa kashe sabobinsa na gaske da gangan a lokacin aiki, domin a tabbatar tsarin zai jure. Sai dai masu yin haka ba rushe katangar suka yi ba, ƙara mata ɗakuna suka yi. Sabon gyara yakan fara isa ga ma'aikatan kamfanin, sannan kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a, a zuba ido, sannan kashi goma, kuma akwai maɓallin janyewa a kusa.

Abin da ke faruwa idan babu waɗannan matakai an gan shi ranar 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya saki wani ƙaramin fayil na sabuntawa ga duk abokan cinikinsa masu Windows a lokaci guda. Manhajar da ke tantance irin waɗannan fayiloli tana da nata aibun, ta ce lafiya lau, aka dogara da ita. Fayil ɗin yana neman bayani na 21 a inda 20 ake bayarwa, sai kwamfutoci suka riƙa faɗuwa da zarar sun karɓe shi. An janye shi cikin minti 78, amma a ƙiyasin Microsoft ya riga ya durƙusar da na'urori miliyan 8.5: filayen jiragen sama, asibitoci, bankuna, gidajen talabijin. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000. Alƙawarin farko-farko da CrowdStrike ya yi bayan haka shi ne zai riƙa sakin irin wannan fayil kashi-kashi, ya kuma bar abokan ciniki su zaɓi lokacin karɓa.

Yanzu kuma wani sabon ma'aikaci ya shigo shagon, wanda ba ya gajiya, ba ya barci, yana kuma iya ba da umarni ɗari kafin mutum ya karanta ɗaya. A Yulin 2025 Jason Lemkin, wanda ya kafa dandalin 'yan kasuwar manhaja na SaaStr, ya ba da labarin yadda yake gina wata manhaja da taimakon ƙirƙirarriyar basirar dandalin Replit. Ya umarci basirar ƙarara, ba sau ɗaya ba, cewa an dakatar da duk wani sauyi, kada ta taɓa komai sai da izininsa. Ta share masa rumbun bayanai na gaske, mai ɗauke da bayanan shugabannin kamfanoni sama da 1,200. Da ya tambaye ta, ta ce ba za a iya dawo da su ba. Ya gwada da kansa, suka dawo. Umarnin da ya ba ta magana ce kawai, mabuɗin kuwa yana hannunta. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya fito ya ce abin da ya faru bai dace a ce yana yiwuwa ba ma, ya kuma sanar cewa sun fara raba rumbun gini da rumbun aiki kai-tsaye ga masu amfani da dandalin. Kafin sanarwar, rumbu ɗaya ne ake gini a kansa, ake gwaji a kansa, abokan ciniki kuma suke aiki da shi.